Dodon ayaba a Mabera

Ranar da na gane cewa abin da nake sharewa daga wayata kamar shara wani a Jamus nemansa yake ido rufe, ina zaune ne a bakin shagonmu a Mabera, cikin zafin nan na watan Afrilu da ko kuda ba ya son tashi, babu wuta tun safe, fanka ta tsaya, ina ta danna waya don kar barci ya kwashe ni. Mutumin mun haɗu ne a wani guruf na Facebook inda ake musayar lambar abota ta gem ɗin Pokémon GO, kusan wata biyu muna aika wa juna kyauta kullum ba mu taɓa magana ba, sai ran nan ya turo min saƙo wai don Allah da gaske ne a garinmu dodon gem ɗin nan mai suna Tropius yana yawo a titi? Na ce masa yanzu haka akwai ɗaya a bayan shagon mai cajin waya, ban ma kula shi ba don ƙwallayena sun kusa ƙarewa. Sai ya turo hoton fuska mai kuka har guda uku, ya ce shekararsa nawa yana wasan nan gurbin wannan dodon a littafinsa har yau babu komai.

Bari in yi wa waɗanda ba su san zancen ba bayani, don na san akwai masu karanta ni da za su ce wai kai da girmanka. Pokémon GO gem ne na waya da kamfanin Niantic ya fitar a watan Yulin 2016, kuma abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba a kwance ake yin sa ba, taswirar garinku ce filin wasan, GPS ɗin wayarka shi ke nuna inda kake tsaye, in ka taka a zahiri ɗan mutumin da ke cikin wayar ma ya taka, dodanni su riƙa ɓullowa gefenka kana jifansu da ƙwallo kana kamawa. Akwai littafi a ciki da ake kira Pokédex, duk wanda ka kama sai a cike gurbinsa. To ciwon yana nan, ba za ka taɓa cike littafin nan daga gari ɗaya ba, haka aka gina abin da gangan.

Tropius ɗin nan wani dogon wuya ne kamar raƙumin dawa ya haɗu da bishiya, fukafukansa ganye ne, sannan a ƙarƙashin haɓarsa akwai nonon ayaba yana reto. A farkon 2018 aka sako shi kuma aka ce rabon Afirka ne da ɗan abin da ya taɓa bakin tekun Bahar Rum. Ni abin dariya yake ba ni wallahi, wato mutanen da suka zauna suka raba dodannin nan da suka zo kan Afirka ayaba ce ta faɗo musu a rai, suka ɗauki nahiya guda tun daga Masar har Afirka ta Kudu suka ce ga naku, alhali mu nan Sakkwato yawancin ayabar da muke ci a mota take zuwa daga kudu, kafin ta iso ta fara baƙi. Da ni aka tambaya da Numel zan ce a ba mu, wani ɗan raƙumi mai tozo da ke fitar da wuta, shi ne ya yi kama da ɗan gari, ko a Kara ka gan shi ba za ka yi mamaki ba. Amma shi Numel na kowa ne, har mutanen ƙasar ƙanƙara suna samunsa.

Rabon ya faro ne tun farkon gem ɗin da guda huɗu, Tauros bijimi na Amurka ta Arewa, Mr. Mime na Turai, Kangaskhan mai goyo a aljihun ciki na Ostareliya, sai Farfetch'd agwagwa mai riƙe da ganyen albasa na su Japan da Koriya. Kun lura babu Afirka a ciki ko? Shi ma wannan na albasa in da adalci ai namu ne, duk wanda ya taɓa bi ta Gada ko Goronyo ko Wurno lokacin cirar albasa ya san abin da nake faɗi. Daga baya abin ya yi ta yawa, Heracross na Latin Amurka, Relicanth na New Zealand da tsibiran kusa da ita, Pachirisu na can sama wajen Kanada da Rasha, Klefki mai kama da zoben makullai na Faransa, Sigilyph na Masar da Girka, Comfey na Hawai kaɗai, har akwai wani ɓauna Bouffalant da sai yankin birnin New York. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ba su tsaya a kan inda za su ajiye mu ba, wani rabon a haɗa Afirka da nahiyar Amurka, kamar su Seviper maciji da Illumise da Throh ɗan kokawa, wani rabon kuma a jefa mu tare da Turai da Gabas ta Tsakiya da Indiya, kamar Pansear jan biri da Mesprit. Kamar yaron da aka rasa ɗakin da za a kwantar da shi ranar biki, yau ɗakin nan gobe wancan.

Akwai ɗaya da ya sa na koma na buɗe taswirar duniya kamar ɗan firamare, sunansa Shellos, wata 'yar dodon koɗi ce marar kwanso, kala biyu gare ta, shuɗiya da ruwan hoda. Ni kullum shuɗiya nake gani, na ɗauka ɗayar wuya kawai take yi, ashe layin nan na Greenwich da aka koya mana a jogirafi shi ne iyaka, gabas da shi shuɗiya, yamma da shi ruwan hoda. Sakkwato tana wajen digiri 5 ne gabas da layin, shi kuma layin ta Tema a Ghana ya ratsa ya hau ta Burkina Faso da Mali, ke nan ɗan kasuwar da ya tashi daga nan ya fita ta Illela ya shiga Ƙwanni ya yi yamma yana bin hanyar Wagadugu zai tsallake shi bai ma sani ba, wayarsa ce kawai za ta sani. Haka Chatot, wani aku mai kai kamar alamar waƙa, sai kudu da ikwaita, mu kuma muna digiri 13 a arewa, don haka ko da kuɗinka sai dai ka gan shi a hoto. Malamin jogirafinmu na sakandare da ya sha wahala da mu a kan layukan nan, da zai ga abin da ya sa na haddace su a ƙarshe ban san ko dariya zai yi ko takaici ba.

To wannan na nahiya ne, kuma shi ne wanda kowa ya fi magana a kai, amma a gaskiya ba shi ne ya fi shafar rayuwar ɗan wasa a kullum ba. Abu na biyu da ke raba dodanni shi ne sama, wato yanayi. Tun Disambar 2017 gem ɗin yake bin yanayin garin da kake, in rana ce tas sai dodannin wuta da na ciyawa da na ƙasa su yawaita kuma su zo da ƙarfi, in ruwa ake sai na ruwa da na lantarki da ƙwari, in iska ce na tashi sama da dodannin nan masu wuyar samu irin su Dratini, in gajimare ya rufe 'yan dambe da masu dafi, in ƙanƙara ce na ƙanƙara da na ƙarfe, hazo kuma na fatalwa da na duhu. Wanda yanayi ya ƙarfafa har ƙurar taurari yake ƙara maka, wato kuɗin cikin gem ɗin da ake ƙara wa dodo ƙarfi da shi, maimakon 100 ka samu 125. Yanzu ku lissafa da kanku, garin da daga Oktoba har Mayu da ƙyar ɗigon ruwa ke sauka, me kuke tsammani zai cika jakar mutum? Tawa dai ja ce da ruwan ƙasa, su Numel da Cacnea mai ƙaya da Sandshrew da Ponyta, kamar na buɗe gidan zoo na Sahara. Dodannin wuta ina da su masu ƙarfi har na rasa yadda zan yi da su, amma da za a ce in fito da na ƙanƙara guda shida masu kyau sai na yi kame-kame. Alamar ƙanƙara kuwa a kusurwar wayata ban taɓa ganinta ba kuma ba na sa ran gani har in bar duniya.

Lokacin hunturu na sa rai sosai, na ce yau ga ranarmu, hazon nan da ke rufe gari har ka kasa hango shataletale daga nesa, jirgi ma wani lokacin ya kasa sauka, ai dole gem ya lissafa shi hazo mu sha fatalwowi. Ina! Yawancin ranaku sai in ga ya nuna min rana ko ɗan gajimare, ni kuma ina tsaye leɓena ya tsage, hancina cike da ƙura. Da na zauna na yi tunani sai na ga ai hazon da suke nufi na raɓa ne mai laima irin na ƙasashen sanyi, namu kuwa ƙurar hamada ce iska ta kwaso, a idon mutum kamarsu ɗaya amma a wajen masu hasashen yanayi ba abu ɗaya ba ne. Kuma dama hasashe gem ɗin yake bi awa bayan awa, ba leƙowa yake ta taga ba, shi ya sa da damina za ka ga waya na zubar da ruwa a allo kai kuma kana tsaye ƙasa a bushe hadarin ya wuce Wamakko ya zuba can. Sannan a Disamba da yake muna arewacin duniya sai a lissafa mu cikin masu sanyi, dodannin ƙanƙara su Spheal da Snover su fito suna birgima a titin da ko a hunturun da rana sai ka nemi inuwa.

Zancen rana ya tuna min, ranar gangamin wata-wata da ake sako dodo ɗaya ya cika ko'ina, daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma ake yin ta agogon kowane gari. Ƙarfe biyun rana. A Sakkwato. A watan da zafi ke haura digiri 40. Waya ta yi zafi kamar dutsen guga ta rage hasken allo da kanta, batir yana zuba kamar an huda shi, kai kuma kana neman inuwar dogon yaro kana jifan abin da ba ka ma gani sosai. Ƙaramin gangamin mako-mako kuma na awa ɗaya daga 6 zuwa 7 ne, wato daidai magariba, rabin lokacin kana alwala kana sahu. Ni yanzu bayan la'asar nake fita in samu abin da ya samu.

Na ukun shi ne wanda ya fi cin raina kuma shi ne dalilin rubutun nan, unguwa. Cikin gari ɗaya, rana ɗaya, yanayi ɗaya, mutum biyu za su buɗe waya ɗaya ya ga dodanni goma sun kewaye shi ɗaya ya ga fili fetal. Akwai wani dodo Magikarp, kifi ne ja marar amfani da ba ya iya komai sai tsalle, amma in ka tara alewarsa 400 sai ya rikiɗe ya zama Gyarados, ƙaton macijin ruwa, kuma kowane kamu alewa uku yake bayarwa, in ka ba shi 'ya'yan itacen nan mai kama da abarba ya ninka. A Mabera sai in yi sati ban ga ko ɗaya ba. Sai na ce to ai kifi a ruwa yake, wata Asabar da sassafe na hau kabu-kabu na ce ya kai ni Kwalkwalawa, wajen gadar nan ta hanyar jami'a inda masunta ke baje kifi. A hanya ma gem ɗin sai faɗa yake min wai gudu ya yi yawa, don in ka wuce saurin ɗan sassarfa ba ya lissafa maka tafiyar, ƙwan dodon da sai ka yi tafiyar kilomita 2 ko 5 ko 10 yake ƙyanƙyashewa ba ya motsi, dole sai ƙafa. Na sauka na gangara bakin ruwa, shuɗin layin gulbin Rima ya fito a allo, ban yi minti biyar ba sai ga Psyduck, wata agwagwar ruwa, sai ga jan kifin nan yana ta mutsu-mutsu a kan yashi.

Wani dattijo yana zaune kan kwale-kwalen da aka kifar yana ɗinkin koma, tun da na iso yake kallona, ina zuwa nan in tsaya in shafi waya in koma can in tsaya. Da abin ya ishe shi sai ya ce, "Yaro, mi kaka nema nan tun ɗazu? Wani abu naka ya hwaɗi?" Na durƙusa na gaishe shi na ce Baba kifi nake kamawa. Ya dubi hannuna ya dubi ruwa ya ce, "Da mi?" Na matsa na nuna masa allon, lokacin na kunna kyamara don haka ga yashin gabansa ga komarsa ga kifin a kai yana tsalle. Ya leƙa waya, ya ɗaga kai ya leƙa wurin da idonsa, ya sake leƙa waya, ya yi a'uziyya a hankali. Can ya ce, "To wanga kihi naka, ana cin shi?" Na ce a'a Baba. "Ana saisuwa tai?" Na ce a'a. Ya mayar da kansa kan ɗinkinsa ya ce, "Allah shi ba ka lahiya." Har na bar wurin bai sake ɗaga kai ba, amma da zan tafi na sayi tarwaɗa a hannun yaronsa don kar a ce na zo gulbi na koma da kifin waya kaɗai.

Abin da na fahimta daga baya shi ne ba ruwan ne ya kawo kifin ba, zanen ruwan ne. Gem ɗin bai san akwai gulbi a Kwalkwalawa ba sai don wani ya zana shi a taswira. Tun ƙarshen 2017 suka bar taswirar Google suka koma OpenStreetMap, wata taswira ce da wani Bature ɗan Ingila Steve Coast ya fara a 2004, kuma kowa yana iya shiga ya zana titi ko tafki ko fili ya rubuta ko mene ne, kamar dai Wikipedia amma ta hanyoyi. In an zana wuri an ce lambun shaƙatawa ne, sai ya iya zama sheƙa, wato wurin da dodo iri ɗaya ke taruwa har sati biyu kafin a canza shi da wani. In babu wanda ya zana, to a wajen gem ɗin babu wurin, ko da kuwa shanu ɗari ke shan ruwa a can kullum. Har rigima aka yi a 2024 da aka sako wani Wiglett da ba ya fitowa sai a bakin teku, wasu 'yan wasa a ƙasashen waje suka dinga shiga taswirar suna zana gaɓar teku ta ƙarya a tsakiyar unguwanninsu, masu kula da taswirar suna bi suna gogewa. Na yi dariya da na karanta amma na fahimce su, mu da teku ai sai Legas, tafiyar kwana guda cur a mota.

Da babbar sallah na je ƙauyen kakata, ba zan faɗi sunansa ba, yana gabas da gari ba nisa can ba. Garin yana da masallacin Juma'a, da kasuwa mai ci mako-mako, da wata tsohuwar rijiya da aka ce ta girmi kakan kakana, da tafkin da yara ke wanka da damina, da kuka mai kogo da kowa ke kwatance da ita. Na hau tudu inda sabis ke kamawa na buɗe gem. Kore. Fili kore shar babu ko layi ɗaya, ɗan mutumina yana tsaye shi kaɗai kamar wanda aka manta a daji, babu titi babu PokéStop, wato wurin samun ƙwallo, babu ko ɓera. Gari mai mutane da tarihi da sarauta amma a wayar ko alamarsa babu. Na kunna turaren nan na kullum mai minti 15 da aka ƙara a 2022, wanda in kana tafiya yake jawo maka dodanni ko ina kake, na fara zagaye bayan gari ina kallon waya, ban yi nisa ba sai ga matasa biyu 'yan sintiri da sanduna, ɗaya ya ce, "Malam, hoton mi kaka ɗauka?" Kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan, a halin da gabashin jihar nan ke ciki baƙon fuska yana zagaya gari yana nuna waya ta ko'ina ai dole a tambaye shi. Sai da na ambaci gidan da na sauka, ɗayan ya ce au jikan Inna ne, sannan aka yi dariya, amma na kashe wayar na sa a aljihu ban ƙara fito da ita ba har na baro garin.

Su PokéStop ɗin nan, wato wuraren da ake juyawa a samu ƙwallo da ƙwai da kyauta, su ma suna da asali. Kafin wannan gem ɗin Niantic suna da wani mai suna Ingress tun 2012, lokacin ma suna cikin Google, shugabansu John Hanke yana cikin waɗanda suka gina abin da ya zama Google Earth. 'Yan wasan Ingress su suka dinga ɗaukar hoton gumaka da zanen bango da majami'u da allunan tarihi suna turawa, waɗannan wuraren ne aka kwaso aka mayar PokéStop. Ke nan garin da yake da masu manyan wayoyi da data mai arha a 2013 shi ya tashi da gado, wanda ba shi da su ya tashi maraya. Shi ya sa za ka ga hoton Tokyo ko Landan allon ya cika da shuɗi har ba ka ganin titi, mu kuma a nan ka san duka na unguwarku da ka kamar 'ya'yanka. Kuma ƙarancin nan yana cin mutum ta ko'ina, babu wurin juyawa babu ƙwallo, babu ƙwallo ko dodon ya zo sai dai ku kalli juna.

Yanzu in ka kai wani mataki kana iya tura wuri da kanka, sauran 'yan wasa su duba su amince ko su ƙi. Amma ƙa'idar ba ta karɓar gidan mutum ko makarantar yara, ta fi son mutum-mutumi da zanen bango da wurin shaƙatawa da wurin ibada da na tarihi. To mu garin Shehu ne, ba mu da al'adar kafa gunki a mararraba, abin da muke da shi masallatai ne, su kam Alhamdulillahi ko ta ina, sai ƙofofin gari irin su Ƙofar Marke da Ƙofar Rini da Ƙofar Kware, sai Hubbare da fada da gidan tarihi na Waziri Junaidu. Wuraren da rayuwarmu take a zahiri kuwa, dakalin majalisa da teburin mai shayi da inuwar da ake dara da majema inda ake jan fata, ta yaya za ka fahimtar da wani mai dubawa da ke zaune a wata ƙasa cewa wannan benci da kake gani nan ne majalisar dokokin unguwa? Na taɓa tura wata tsohuwar rijiya aka dawo min da ita, da na sake kallon hoton da na ɗauka ni ma na yarda, rami ne kawai da taya a bakinsa, tarihin yana bakin tsofaffi ba ya fitowa a hoto. Masallacin unguwarmu kam ya shiga, kuma ranar da ya fito a allo na yi murna kamar an ba ni kwangila, sai dai na yi wa kaina doka ba na juya shi in an tayar da sallah.

Na san wani zai ce to ka sa GPS na ƙarya mana ka yi shawagi, kana kwance a Runjin Sambo wayarka tana New York. Akwai masu yi, na san su, jakarsu cike da abin da ko a mafarki ban kama ba. Hukuncinsa gargaɗi ne, sai dakatarwa, na uku a rufe akawun ɗin gaba ɗaya, amma ni ba ma tsoron ne ya hana ni ba, kawai dai in ka buɗe kowane dodo akwai rubutu a ƙasa na inda aka kama shi da ranar, kuma ina son in na duba in ga Sakkwato in tuna ranar da zafin da mai kabu-kabun da ya tsaya yana jirana yana mita. Wanda aka rubuta masa wani birni da ban taɓa takawa ba me zan tuna da shi? Af, kuma ga wani abin mamaki, a 2025 Niantic sun sayar da sashen wasanninsu ga kamfanin Scopely a kan dala biliyan 3.5, shi kuma Scopely mallakar wani kamfani ne na asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya, ƙasar da malamanta suka yi fatawar haramta katin Pokémon a 2001. Duniya kenan. Na faɗa wa wani abokina ustazu da ke min wa'azi a kan gem ɗin, ya ce wannan ba hujja ba ce, na ce na sani, labari kawai na ba ka.

Babbar hanyar halal da ta rage wa wanda ba shi da biza ita ce musaya, wadda aka kawo a 2018, amma a dokar da aka kawo ta da ita sai ku biyun kuna tsakanin mita 100 da juna, shi ya sa abokina na Jamus ya daɗe yana kallon Tropius ɗina daga nesa. Na ware masa guda ɗaya mai kyau da na kama ran nan a Kwalkwalawa, na ce duk ranar da ya zo zan kai shi ya ci kilishi ya sha fura sannan mu yi, ya ce yana tunani. Amma a watan jiya ɗan yayata da ke karatun haɗa magunguna a Indiya ya dawo bikin ƙanwarsa, ashe shi ma yana bugawa ban sani ba, muna zaune a zaure ana ta shigo da kwanukan abinci sai na hango allon wayarsa, na ce kai, mene ne wancan? Ya ce, "Kawu, Torkoal ne, ai can kamar kaji suke, har gajiya nake da su." Kunkuru ne ja mai fitar da hayaƙi ta hanci da bayan kwanso, rabon su Indiya da maƙwabtanta, shekara bakwai ina ganin inuwarsa a littafina. Na ce kana da Tropius? Ya ce yana nema tun da ya sauka Kano bai dace ba. Nan take muka ƙulla abota a gem ɗin, sai ga farashi ya fito, ƙurar taurari 20,000 kowannenmu, don dodon da ba ka taɓa mallaka ba tsada gare shi in abotarku sabuwa ce, da mun kai matakin ƙarshe na abota da 800 ne kawai, kuma irin wannan musayar sau ɗaya ake yi a rana sannan wanda aka ba ka ba ya sake fita hannunka. Ya ce ko mu jira abotar ta yi ƙwari? Na ce yaushe za ka koma? Ya ce bayan sati biyu. Na ce danna.

Muna cikin haka kanmu a haɗe kan waya sabis yana ta juyawa sai yayata ta leƙo zauren da tire a hannu, ta ce ku kuma lafiya ana neman masu kai kujeru kun zo kun ƙule nan? Yaron ya ce, "Umma, Kawu nake ba kunkuru." Ta dube ni sama da ƙasa, ni da furfura ta fara leƙowa a gemu, ta ce, "Shi kuma ya ba ka me?" Ya ce ayaba. Ta ajiye tiren ta ce in kun gama cinikin ku ɗauko kujerun suna gidan Alhaji na kwana, kuma a dawo da su kafin magariba.